Daidaita haƙoran yarinya: likitan da muka saba da shi, ko ƙwararren da ke Kano?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haƙori, da kuma iyayen da suka taɓa kai 'ya'yansu aka sa musu ƙarfen daidaita haƙora. 'Yata tana da shekara 12, ta kusa gama famfara, amma haƙoranta na gaba na sama sun turo waje har leɓenta ba ya rufe su idan tana zaune shiru. Bayan haka, fiƙarta ta sama ta ɓangaren hagu har yanzu ta yarinta ce, ba ta faɗi ba kuma ba ta ko girgiza, alhali ta dama ta faɗi sabuwa ta fito tun bara. Likitan haƙorin da muke zuwa wurinsa a nan Katsina, wanda shi yake yi mana ciko da wankin haƙora shekara da shekaru, ya ce zai iya sa mata ƙarfen da kansa domin ya yi kwas a kai. Yayata kuwa ta dage sai na kai ta Kano wurin likitan da ba shi da wani aiki sai daidaita haƙora, kuma kuɗin da aka faɗa mata a can ya fi na likitanmu nesa ba kusa ba, ga zirga-zirgar hanya da fashin makaranta. Shin akwai bambanci na haƙiƙa tsakanin aikin likitocin nan biyu, ko suna ne kawai mutum yake saya da tsada?

AbbanSadik:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni dai likitan haƙori na gama-gari ne ya sa wa ɗana ƙarfe, kuma yau idan kika ga haƙoransa ba za ki ce sun taɓa hawa kan juna ba. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne, wannan aiki ba na yini ɗaya ba ne, domin kusan kowane wata sai an koma an ɗaure waya ko an sauya ta, kuma yaro yana iya ɓalle ƙarfe ɗaya da daddare waya ta riƙa sukar kumatunsa. A irin wannan lokaci likitan da ke bayan gidanki ya fi miki wanda ke wani gari amfani. Idan kin yarda da hannunsa a kan sauran ayyuka, ban ga dalilin da zai sa ki ƙi yarda da shi a kan wannan ba.

Hajiya_Talatu_Kd:
Malam AbbanSadik, Allah ya ba ka sa'a ne, amma sa'ar mutum ɗaya ba ta zama hujja ga kowa. Maman Ilham, ki ji maganar yayarki. Kuɗin da kike gudun kashewa yanzu, idan aiki ya zama gyaran gangar auzinawa, ninkinsa za ki kashe kafin a mayar da haƙoran inda suke.

LikitanHakori_Zry:
Ni likitan haƙori ne na gama-gari, saboda haka bari in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu, kada a ɗauka ina kare sana'a ne ko ina rushe ta. Dukanmu hanya ɗaya muka fara bi: shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta aikin horo a asibiti, sannan rajista da hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, wato MDCN. A cikin shekarun nan shida ana koya mana daidaita haƙora, amma abin da ake koya mana ya fi karkata ga gane matsala, da sanin wadda ya kamata a tura gaba, da kuma ƙananan gyare-gyare da na'urar da ake sawa a cire. Wanda ya zaɓi ya ƙware a fannin sai ya koma asibitin koyarwa a matsayin likita mai neman ƙwarewa, ya ƙara shekaru biyar zuwa shida yana wannan aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, yana rubuta jarrabawar Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma.

Doka ba ta hana likitan gama-gari sa ƙarfe ba, kuma a cikinmu akwai waɗanda suka yi kwasa-kwasai masu kyau, hannunsu ya faɗa a kan matsaloli masu sauƙi, kamar ɗan cunkoson haƙoran gaba a bakin da muƙamuƙinsa na sama da na ƙasa suka dace da juna. Ina zaton irin na ɗan AbbanSadik ke nan. Sai dai abin da Hajiya ta bayyana ya wuce wannan. Fiƙar sama takan fito ne tsakanin shekara 11 da 12, kuma idan ta ɓangare ɗaya ta fito shekara guda ta wuce ɗayar ba ta ko motsa ba, dole a yi zargin cewa ta maƙale a cikin ƙashi ko ta karkace hanya. Da a ce ni aka kawo wa yarinyar nan, ba zan manna mata ko ƙarfe ɗaya ba sai ƙwararre ya ga hoton X-ray na bakinta.

Bakano_DanFagge:
Likita, Allah ya saka da alheri da wannan gaskiya. Ina so in ja hankalin jama'a ga wani abu na uku da ya shigo yanzu, wato masu manna wa 'yan mata ƙarfe na ado a shaguna da gidaje, suna tallarsa a Instagram da TikTok da launuka iri-iri. Waɗannan ba likitan gama-gari ba ne, ba kuma ƙwararre ba, amma wayar da suke ɗaurawa tana jan haƙori kamar yadda ta asibiti take ja, sai dai babu wanda ya tsara inda haƙorin zai tafi. Duk mai neman araha ya san cewa akwai arahar da ba ta cikin wannan muhawara kwata-kwata.

MaiNemanKwarewa:
Ina cikin shekarun horo a wannan fanni, kuma ina so in ɗora a kan bayanin Likitan Zariya, domin a gane abin da ya sa muke matsa wa a kan hoto. Haƙori ba a dashe yake a ƙashi kamar ƙusa ba, akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe saiwarsa. Idan aka matsa shi da ƙarfi kaɗan na tsawon lokaci, ƙashin da ke gabansa yana narkewa, na bayansa kuma yana ginuwa, da haka haƙorin yake tafiya kimanin milimita ɗaya a wata. Manna ƙarfen da ɗaure waya abu ne da mutum zai iya koya cikin 'yan kwanaki. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda ya kamata kowace saiwa ta tsaya, da yawan ƙarfin da za a sa mata, da lokacin da ya kamata a dakata, domin idan aka wuce gona da iri saiwa tana gajarcewa, ko a tura haƙori ya fita daga cikin ƙashin da ke riƙe shi, dasashi ya janye.

Kafin a fara, aƙalla ana bukatar hoton da ke nuna dukan haƙora da saiwoyinsu a faifai ɗaya, da hoton kai ta gefe wanda ake auna muƙamuƙi da shi, da samfurin haƙoran, ko na zubi ko na kwamfuta. Hoton gefen nan shi ne zai faɗa mana ko haƙoran Ilham ne kaɗai suka turo, ko muƙamuƙinta na ƙasa ne ya zauna baya, kuma maganin biyun ba ɗaya ba ne. Idan muƙamuƙi ne, akwai na'urar da ake amfani da ita a daidai lokacin da yaro yake saurin girma, kuma ga 'ya mace wannan lokaci yakan zo da wuri fiye da na namiji, shekara 12 tana tsakiyarsa. Idan ya wuce, abin da ya rage shi ne a cire wasu haƙora a ɓoye matsalar, ko a jira ta girma a yi tiyata.

Game da fiƙar kuwa, haɗarin ba rashin fitowarta ba ne kawai. Fiƙar da ta karkace tana iya cin saiwar haƙorin da ke kusa da ita a ɓoye, ba ciwo ba alama, har sai ya fara girgiza. Idan an gano da wuri, wani lokaci cire ta yarintar kaɗai yana sa sabuwar ta gyara hanya. Idan an makara, sai likitan tiyatar baki ya buɗe dasashi an maƙala mata 'yar sarƙa an riƙa jawo ta a hankali. Saboda haka, Hajiya, tambayar da za ki fara yi wa likitanku ita ce ko ya ga inda fiƙar take.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, likitoci. Na kira shi da yammacin nan na tambaye shi. Ya ce ya duba bakinta ya kuma ɗauki hotunan haƙoran da wayar hannu, amma ba shi da injin ɗaukar babban hoton, sai dai ya rubuta mana takarda mu je a ɗauka. Ya ce a ganinsa fiƙar za ta sauko da kanta idan ƙarfe ya buɗe mata wuri. Bai ji haushin tambayar ba ko kaɗan, har ma ya ce idan hoton ya nuna abin da ya fi ƙarfinsa shi da kansa zai tura mu gaba.

Hajiya_Talatu_Kd:
To ai kin ji. Ya riga ya faɗi kuɗi da abin da zai yi kafin ya ga hoto. Da ba ki tambaya ba, yaushe zai rubuta takardar?

AbbanSadik:
Hajiya Talatu, a yi wa bawan Allah nan adalci. Mutumin da ya ce zai tura mara lafiya gaba idan abin ya fi ƙarfinsa, ai shi ne likitan da ake nema. Na yarda da bayanin likitocin nan cewa matsalar ɗana ba ta kai ta wannan yarinya ba, domin shi haƙoransa duk sun fito, cunkoso ne kawai. Amma har yanzu babu wanda ya amsa maganata ta nisa. Daga Katsina zuwa Kano da dawowa yini guda ne cur idan aka haɗa da layin asibiti, kuma za a yi ta yi ne har kusan shekara biyu.

YarMaradi:
Maganar AbbanSadik ta nisa ba abin rainawa ba ce, mu da ke wannan ɓangare na iyaka mun ga haka da idonmu. Ɗiyar ƙanwata a Kano aka sa mata ƙarfe, ana kai ta daga Maraɗi, sai aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Duk tsawon watannin nan yarinya tana ɗauke da ƙarfe babu mai duba shi, wasu suka ɓalle, waya ta goce, kuma lokacin da aka koma sai da aka sake wani ɓangare na aikin daga farko. Likitan ƙwararre ne, babu wanda ya ga laifinsa, amma ƙwarewarsa ba ta amfane ta ba a lokacin da ba ta iya isa gare shi. Duk wanda zai zaɓi likita na nesa ya fara tambayar kansa ko zai iya riƙe zuwan har ƙarshe, damina da rani, da kuɗin mota a hannu da babu.

LikitanHakori_Zry:
Wannan ita ce ainihin matsalarmu a Arewa. Ƙwararrun wannan fanni a Najeriya ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna Legas da Ibadan da Ife da Benin da Abuja, inda tsoffin makarantun koyon likitancin haƙori da masu iya biya suke. A nan sai dai mutum ya nufi manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano wanda ke haɗe da tsangayar likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero, ko wasu asibitoci masu zaman kansu ƙalilan. Da a ce za a hana likitocin gama-gari taɓa wannan aiki baki ɗaya, da yara da yawa ba za su sami kowa ba.

Abin da nake yi da marasa lafiyata shi ne raba aiki. Ƙwararre ya duba, ya tsara, ya manna ƙarfe, ya riƙa ganin yaro a lokutan da ya ɗiba, ni kuma ina nan kusa ina wanke haƙora, ina lura da ruɓewa, ina yanke wayar da ke suka, ina cire haƙorin da ya rubuto a cire. Wayoyin haƙori na zamani suna daɗewa suna aiki, saboda haka a wasu matakai ana iya yin mako shida zuwa takwas ba a koma ba, ba lallai sai kowane wata ba.

MaiNemanKwarewa:
Yallaɓai, na yarda da rabon aikin da ka bayyana, matuƙar ya tsaya a inda ka tsayar da shi. Abin da ba na goyon baya shi ne wanda wasu iyaye ke nema, wato ƙwararre ya rubuta tsari a takarda, su kai wa wani likita ya aiwatar domin a rage kuɗi. Tsarin ba ya zama yadda aka rubuta shi ranar farko, kowane zuwa ana duba yadda haƙora suka amsa ne a sauya dabara, kuma idan abu ya lalace a tsakiya ba za a san wanda za a tambaya ba. Mutum ɗaya ya kamata ya ɗauki nauyin motsa haƙoran daga farko har ƙarshe, ko wane ne shi.

Nana_Ingila:
Bari in faɗi yadda ake yi a nan Ingila, ko zai taimaka wajen auna abin. Likitan haƙori na unguwa shi ne yake ganin yaro tun yana ƙarami, kuma shi ne yake tura shi wurin ƙwararre idan ya ga alama. Hukumar lafiya ta NHS tana yi wa yaran da ba su kai shekara 18 ba kyauta, amma sai an auna matsalar da wani ma'auni an ga ta kai, kuma haƙorin da ya maƙale a ƙashi yana cikin matakin da ya fi kowanne tsanani a ma'aunin. Wanda nasa ɗan karkacewa ne kawai sai ya biya da kansa, kuma a nan ne za ka ga likitocin gama-gari da yawa suna yin aikin, musamman ga manya. Hukumar da ke yi wa likitocin haƙori rajista tana da jerin sunayen ƙwararru daban, kowa yana iya dubawa a intanet, kuma wanda ba ya cikin jerin ba shi da izinin kiran kansa ƙwararre ko da yana sa ƙarfe kullum.

Malam_Hamisu_Gsu:
Ku yi mini afuwa idan na ɗan karkata. Ina bin bayanan nan, sai wata tambaya ta taso mini: shin wannan aiki bai shiga cikin sauya halittar Allah ba? Na san akwai hadisin da ya la'anci masu tsaga tsakanin haƙora domin ado. Sannan na ji an ce masu sa ƙarfen nan har wushirya suke rufewa, abin da mu a wurinmu kyau ne.

AbuRumaisa:
Malam Hamisu, hadisin da kake nufi na Abdullahi ɗan Mas'udu ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ya ambaci masu goge haƙora su buɗe tsakaninsu domin neman kyau. Malamai sun bambanta wannan da kawar da aibi ko cuta, suna kafa hujja da hadisin Arfaja wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Yarinyar da leɓenta ba ya rufe haƙoranta, ga haƙori maƙale a ƙashi, magani take nema. Wanda yake da shakka a kan nasa halin ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Allah ne mafi sani.

MaiNemanKwarewa:
Maganar wushirya da Malam Hamisu ya kawo tana da alaƙa da zaɓen likita fiye da yadda ake zato. Littattafan da muke karantawa yawanci a Turai da Amurka aka rubuta su, kuma suna lissafa wushirya cikin abubuwan da ake rufewa, alhali a ƙasar Hausa da ƙasar Yarbawa mutane da yawa suna son abarsu. Likitan kirki, ƙwararre ne ko na gama-gari, zai tambaye ki abin da ke damun ki kafin ya faɗa miki abin da zai gyara, kuma ana iya jera sauran haƙora a bar wushirya yadda take idan mai ita ya nema. Idan kin ga likita bai tambayi yarinya ko iyayenta abin da suke so ba, wannan ma alama ce.

Ummu_Haidar:
Likita, tunda ana maganar haƙoran sama da suka turo, ɗana mai shekara 10 yana da sikila, kuma nasa ma haka suke. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini ciwon ne yake kawo haka. Shi ma likitan unguwa zai iya yi masa, ko dole sai babban asibiti?

LikitanHakori_Zry:
Ummu Haidar, abin da ta faɗa miki yana da tushe. A jikin mai sikila ɓargo yana aiki fiye da kima domin ya maye jinin da ke lalacewa, kuma wannan yana iya faɗaɗa ƙashin muƙamuƙin sama har haƙoran gaba su turo. A irin nasa ban ga wurin muhawara ba, ki kai shi asibitin koyarwa inda ƙwararren haƙori zai yi magana da likitan jininsa kafin a taɓa shi, domin cire haƙori ko kamuwa da ƙwayar cuta a baki ba ƙaramin abu ba ne gare shi, kuma ƙarfin da za a sa wa haƙoransa sai an sassauta.

Sadauki_Abj:
Ni babba ne, shekarata 29, kuma aikina na ganin jama'a ne, ba na son ƙarfe a baki. Na ga ana tallar wata roba garai-garai da ake sawa a cire, wai kwamfuta ce take tsara komai. Idan kwamfuta ce ke yin lissafin, ashe ke nan ba ruwan mutum da ko likitan ƙwararre ne ko a'a, tunda kamfani ɗaya ne zai ƙera wa kowa?

Baban_Yusra_Amurka:
Sadauki, irin wannan tunani ne aka gina wani kamfani a kansa a nan Amurka, mai suna SmileDirectClub, wanda yake aika wa mutane robar har gida ba tare da sun zauna a gaban likita ba. Ƙungiyoyin likitocin haƙori sun daɗe suna sukar tsarin, kuma a watan Disamban 2023 kamfanin ya rufe bayan ya karye, ya bar mutane a tsakiyar magani babu wanda za su koma wa. Ita robar kanta ba ta da laifi, irinta mai suna Invisalign tana kasuwa tun wajen 1999 kuma ƙwararru da likitocin gama-gari duk suna amfani da ita. Amma kwamfuta tana zana abin da aka umarce ta ne, likita ne yake duba zanen ya ce wannan motsi ƙashi zai ɗauka, wancan ba zai ɗauka ba. Sannan ka sani cewa sai ka sa ta awa 20 zuwa 22 a kowace rana, kana cirewa ne kawai domin ci da goge baki, kuma wanda ya san shi mai yawan shan shayi da cin goro ne a wurin aiki ya yi wa kansa hisabi tun kafin ya biya.

Fasahar_Hakori:
Ni ma'aikacin ɗakin ƙera haƙoran roba ne, mu muke yin abin da ake sawa bayan an cire ƙarfe domin ya riƙe haƙora a sabon wurinsu. Ina ganin aikin likitoci iri biyun nan a kan teburina, kuma gaskiya na ga mai kyau da marar kyau daga kowane ɓangare, sai dai idan aiki mai wuya ne bambancin yana fitowa a yadda turamen sama da na ƙasa suke haɗuwa, wurin da mai haƙoran ba ya gani a madubi. Haƙoran gaba shida kowa yana iya jera su su yi kyau a hoto. Abin da nake roƙon iyaye shi ne su tambayi kowane likita, tun kafin a fara, ko kuɗin da ya faɗa ya haɗa da wannan mariƙin da kuma zuwan da za a riƙa yi bayan an cire ƙarfe. Haƙora suna son komawa inda suka fito, kuma shawarar da ake bayarwa yanzu ita ce a ci gaba da sa mariƙin da daddare muddin ana son su zauna. Mu kanmu ba mu da izinin sa wa kowa ƙarfe, duk wanda ya ce muku shi ma'aikacin ƙera haƙora ne kuma zai yi muku a gida, ku guje shi.

Hajiya_Talatu_Kd:
To yaya mutum zai tabbatar cewa wanda ya ce shi ƙwararre ne da gaske ƙwararren ne? Allon asibiti ai kowa yana rubuta abin da ya ga dama.

LikitanHakori_Zry:
Hajiya, ki tambaye shi kai tsaye inda ya yi horon ƙwarewa da kuma fannin da ya yi. Waɗanda suka gama sukan sa haruffan FWACS (shaidar kwalejin Afirka ta Yamma) ko FMCDS (shaidar kwalejin ƙasa ta Ijanikin) bayan sunansu, amma ki lura cewa haruffan nan ba na daidaita haƙora kaɗai ba ne, likitan tiyatar baki da likitan haƙoran yara su ma suna da su, saboda haka sai an tambayi fannin. Akwai kuma waɗanda suka yi digiri na biyu na cikakken lokaci a wannan fanni a ƙasashen waje. Kwas na mako ɗaya ko na ƙarshen mako ba ya cikin wannan sahu, ko da takardarsa tana rataye a bango. Idan na gama-gari ne, ki nemi ya nuna miki hotunan ayyukan da ya gama masu kama da naki, ba waɗanda ya fara ba, ki kuma tambaye shi wurin wa yake tura abin da ya gagare shi. Wanda ya ce miki babu abin da yake turawa, ni da nake cikin sana'ar ina jin tsoronsa.

AbbanSadik:
Duk da haka ina nan a kan cewa rabin nasarar aikin nan a gida take, ba a hannun likita ba. Ɗana sai da muka raba shi da rake da goruba da aya da tauna ƙashi har aka gama, kuma uwarsa ce take tsayawa a kansa ya goge baki bayan kowane cin abinci, domin asuwaki kaɗai ba ya shiga ƙarƙashin waya. Ɗan maƙwabcinmu babban ƙwararre ne ya yi masa, amma da aka cire ƙarfen sai ga fararen tabo a jikin kowane haƙori, saboda alawa da lemon kwalba da rashin gogewa.

Bakano_DanFagge:
Wannan gaskiya ne, amma bai warware tambayar Maman Ilham ba, domin yarinya tana iya goge baki sau biyar a rana fiƙar tana can tana cin saiwar maƙwabcinta. Ni a nawa ganin a biya kuɗin ganin ƙwararre sau ɗaya da hoton a hannu, wanda bai kai komai ba idan aka gwada da kuɗin aikin gaba ɗaya, sannan a dawo a yi lissafin wanda zai yi.

YarMaradi:
Idan kuma ƙwararren ya ce dole sai shi, alhali iyaye ba su da halin zuwa Kano har shekara biyu fa? A bar yarinyar haka, ko a koma wa na gida ya yi iyakar iyawarsa? Wannan ce tambayar da ƙanwata take yi yanzu a kan ƙaramin ɗanta, kuma likitocin da ta tambaya ba su ba ta amsa iri ɗaya ba.

MaiNemanKwarewa:
Ya danganta da abin da hoto ya nuna, Yaya. Akwai matsalar da jira ba ya ƙara mata komai, ana iya barin ta har yaro ya shiga jami'a a garin da ke da ƙwararre, domin ana daidaita haƙoran manya ma idan dasashinsu lafiya yake. Akwai kuma wadda za a iya yi mata ƙaramin aiki yanzu, kamar cire fiƙar yarinta a kan lokaci, wanda likitan gida zai yi da umarnin ƙwararre, a sake ɗaukar hoto bayan wata shida zuwa shekara a ga ko sabuwar ta gyara hanya. Ki ce wa ƙanwarki ta tambayi ƙwararren wanne ne daga cikin matsalolin yaron ba zai iya jira ba, ta fara da shi.